Yawon gahawa da kayan fulawa a Ngaundere

Idan zan tsara yawon shan gahawa a Ngaundere da ke arewacin Kamaru, lokacin fitowar kaya daga tanderu nake fara nema kafin sunan kowane shago. Gidajen burodi kwana suke yi suna aiki. Kafin a idar da sallar asuba dogon burodi ya fito, kuruwasan (burodin Faransa mai bota da siffar jinjirin wata) da mai cakulan a ciki su biyo baya da hantsi bai ɗaga ba. Wanda ya iso wajen ƙarfe 11 ragowa zai tarar, ta huce, ɓawonta ya yi laushi, ya koma gida yana cewa garin ba su iya gashi ba.

Na fi son Ngaundere a kan Garwa ko Marwa saboda yanayi. Garin yana kan tudun Adamawa, sama da mita 1,000 daga teku, don haka safiyarsa da sanyi, musamman a Disamba da Janairu lokacin hunturu. A Garwa kuwa zafin Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, alhali bota tana narkewa tun daga 32 zuwa 35. Mai gashi a can dole ya koma wa margarin, kai ma mai sha kofi ɗaya ya ishe ka gumi. Da damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, ruwa ya fi sauka da yamma, sai a gama yawon kafin la'asar.

Mai tahowa daga kudu ya yi sa'a. Jirgin ƙasa yana tashi daga Yawunde da daddare ya kwana a hanya, ya iso Ngaundere da safe, inda layin dogon ya ƙare tun 1974. Daga tasha sai gidan burodi. Mai tahowa daga Garwa a mota, tafiyar kusan kilomita 280 ce ga hawan dutse kafin a shiga gari, gara ya iso da yamma ya kwana ya fita da sassafe.

Taswirar waya ba ta cika taimako ba a nan. Za ka ga shago da hotuna masu kyau, ka je ka tarar ya koma kantin sayar da waya, na kirkin kuma ba ya ciki sam. Abin da nake yi shi ne in sami ɗan acaba guda tun da yamma, mu shirya kuɗin safiya gaba ɗaya, in karɓi lambarsa. Kada ka ce masa ya kai ka inda ake shan kafe, kai tsaye wurin mai shayi zai sauke ka. Ce masa kake son gidan burodi mai kujeru da injin dafa gahawa. Allon ƙofa ma yana faɗa maka abin da ke ciki: inda aka rubuta cafétéria, ƙwai da taliya ne da Nescafé, pâtisserie ko salon de thé su ake sa ran samun inji, snack-bar kuwa galibi gidan giya ne, ka wuce.

Wurare uku nake sawa a safiya, na huɗu idan ciki ya yarda. Dalilin ba kuɗi ba ne, lissafin kafeyin ne, sinadarin gahawa mai hana barci. Ƙaramin kofin esfireso, wato gahawa mai kauri da inji ke tatsowa, yana da kamar miligiram 60 zuwa 80, likitoci kuma suna cewa babban mutum mai lafiya kada ya wuce 400 a yini, mai juna biyu 200. Sai dai gahawar da ta fi yawa a Kamaru robusta ce, irin ta yankin Nkongsamba, ƙarfinta kuma ya kusa ninka na arabika da ake nomawa a tsaunukan Bafusam da Bamenda. Galibi daga kudu ake hauro da ita. Kofi uku na robusta a jere kan ciki wayam, hannu zai soma rawa kafin azahar. Shi ya sa nake tafiya da aboki, mu sayi abu ɗaya mu raba biyu, da gorar ruwa a jaka.

Zangon farko cikin gari ne, wajen layin kantuna da Ƙaramar Kasuwa, inda manyan gidajen burodi suke. Kafin in zauna sai na leƙa bayan kanta. Idan akwai injin niƙa kusa da na dafawa, da ƙwayar gahawa a tulunsa, alama ce mai kyau. Idan gari ne a buɗaɗɗiyar leda, ƙamshinsa ya daɗe da tafiya. Sannan in tsaya in kalli zubowar kofin wani. Giram 7 zuwa 9 na gari ya kamata ya ba da kamar mililita 30 cikin daƙiƙa 25 zuwa 30, ya sauko siriri kamar zuma, da kumfa ruwan ƙasa a sama. In ya kwararo cikin daƙiƙa 10, niƙan ya yi tsaki-tsaki ko garin ya kwana biyu, za ka sha ruwa-ruwa mai tsami. In yana ɗiga da ƙyar, ya yi laushi da yawa, ɗaci ne zalla. Akwai tambaya guda da nake yi wa mai shago: "Malam, yaushe aka kawo wuta?" Inji yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya ɗauki zafi sosai, kofin farko bayan ɗaukewar wuta kusan kullum salaf yake fitowa.

Wutar nan ita ce kuma ke yanke hukuncin kuruwasan. Ƙullinsa ninki ake yi, fulawa da bota hawa-hawa, ana mayar da shi firij tsakanin kowane ninki. Idan firij ya mutu da dare, man ya narke ya shige cikin ƙullin, da safe burodi ne kawai mai siffar kuruwasan. Ka ɗaga shi: na kirki ba nauyi, ka matsa ɓawon ya yi ƙas ya zubo maka a riga, ka tsaga ka ga ramuka a ciki. Na margarin yana barin maiƙo a dasashi wanda ko ruwa ba ya wankewa da wuri. Ba laifi ba ne, kusan kowa da shi yake aiki don bota ta yi tsada, amma bai kamata ka biya kuɗin bota ba.

Kek mai kirim da duk wani mai kwastad a ciki, da safe kawai nake taɓa su, kuma sai in gilashin da suke ciki yana da sanyi in na dafa. Ƙwai da madara ne, awa biyu a waje sun isa su ɓata wa mutum tafiya. A tambaya kuma kafin a ci. Wanda ake kira baba au rhum da giya ake jiƙa shi, wasu kek masu zabibi ma haka, jambon na cikin sanwici kuwa naman alade ne sai in an ce maka na sa ne.

Zango na biyu ba na neman inji. Wurin mai shayi nake zuwa, wajen Babbar Kasuwa ko hanyar fadar Lamido, inda 'yan Cadi suke dafa gahawa da citta da kanumfari a zuba a ƙaramin finjali, ga fanke da ƙosai da zafinsu a gefe. Ka ce a rage sukari tun kafin a zuba, domin hannunsu yana da nauyi. A ganina wannan ta fi rabin esfireson garin daɗi, kuɗinta kuma bai kai kwatansa ba.

Na uku shi ne Dang, unguwar jami'a, kamar kilomita 15 a kan hanyar Garwa. Da tasi ake zuwa, acaba ya yi nisa. Abincin ɗalibai ne, arha, kuma wurin ya fi armashi lokacin da ake karatu. A dogon hutu rabin rumfunan a rufe suke. A nan nake barin gahawa in sha kindirmo, kossam ɗin da garin ya yi suna da shi, ya kwantar da ciki.

A riƙe canji. Takardar jaka goma, wato sefa 10,000, a wurin mai shayi fitina ce, sai a tanadi 'yan 500 da silalla. Manyan gidajen burodi da dama suna karɓar kuɗi ta waya, Orange Money ko MoMo, masu tebur ba kowa ba. Ranar Juma'a a gama kafin ƙarfe 12, hanyoyin fada suna cika da masu zuwa masallaci. Lahadi wasu shagunan rabin yini suke yi. Da azumi kuwa tsarin duka juyewa yake, gashin ya koma gab da magariba.

Tsaraba, kada a ɗauki kuruwasan zuwa Garwa, kafin a sauka daga dutse ya yi gumi a leda. Busasshen kek da madalen, ƙananan kek ɗin Faransa, suna jure kwana biyu ko uku, a sa su a takarda. Gahawa kuma a sayi ta ƙulli wadda ba a buɗe ba a babban kanti, a duba kwanan watan da ke jiki, a matsa ledar kusa da hanci. In ba ta ba da ƙamshi ba a mayar da ita kan kanta, a ƙara kuɗin a sayi zumar Adamawa.