Gyaran Fuska da Hasken Leza: Yadda Muke Aikin a Shagona

Shagona ƙarami ne, ɗaki biyu da falo a Kano, ni da 'yan mata biyu da ke taya ni. Aikin jinya na karanta, kuma akwai likitan fata da nake tura wa duk wadda matsalarta ta fi ƙarfina. Da dilka da halawa muka fara, irin gyaran jikin amare. Yawan masu zuwa da kurajen fuska da tabo da jan fata ne ya sa na tara kuɗi na sayo na'urorin haske.

Shi hasken leza, wato siririn haske mai ƙarfi da na'ura ke fitarwa, launi yake bi. Tun 1983 wasu masana biyu a Amurka, Anderson da Parrish, suka nuna cewa in aka zaɓi hasken da ya dace, zai ƙona abin da ake nufi kawai, kamar jijiyar jini, ya bar fatar da ke kewaye. To mu a nan, sinadarin melanin da ke ba fatarmu duhu shi ma yana zuƙar hasken. Ma'aunin Fitzpatrick, wanda likitocin fata ke amfani da shi, ya kasa fatar mutane gida shida daga mafi haske zuwa mafi duhu, yawancinmu kuwa a gida na biyar da na shida muke. Shi ya sa na'urar IPL, wata mai walƙa haske mai ƙarfi, wadda ke yi wa Turawa aiki sosai a kan jan fuska, take iya toye baƙar fata ta bar tabon da ya fi na da muni. Ni na'urar lezar da ake kira Nd:YAG na saya, mai dogon zangon haske (nanomita 1064). Haskenta yana nutsawa can ƙasa, melanin na sama bai cika kama shi ba. Duk da haka sai na gwada a bayan kunne, mu jira kwanaki mu gani, kafin in taɓa fuska.

Maganar jan fata ita ta fi damuna. Yawancin matan da ke zuwa da kumatu jajir, jijiyoyi sun fito kamar zare, man bilicin ne ya jawo musu. Mayukan haɗi da ake sayarwa babu takarda sukan ƙunshi clobetasol, magani mai ƙarfi da ke sirantar da fata, ya kuma haifar da wasu kurajen. Irin wannan fatar ba na kunna mata na'ura ko nawa za a ba ni. Nakan ce, “Hajiya, fatarki ta gaji. Mu je wurin likita ya yaye ki daga man nan a hankali, in ta warke sai mu yi magana.” Wasu sukan yi fushi su tafi inda za a yi musu nan take. Raina yakan ɓaci, don na san yadda za su dawo.

Kuraje kuwa, shuɗin haske muke haska musu. Yana kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin ramin gashi, kuma yana taimaka wa masu ƙananan kuraje in sun jure zuwa a kai a kai. Manyan nan masu zurfi da zafi sai maganin likita. Ramukan gashi na fuska kuma ba sa rufewa. Ana iya rage maiƙo su ragu a ido, amma duk mai cewa zai toshe su gaba ɗaya kuɗinki yake so.

Wahalar sana'ar ba kaɗan ba ce. Na'urar ba ta son wuta mai rawa, ba ta son zafi da ƙurar hunturu, don haka janareta da na'urar sanyaya ɗaki dole ne. In wani abu ya lalace a cikinta, da dala ake sayo shi. Tabarau na kariya kuwa ni da mai zuwa duk sai mun sa, domin hasken na iya lalata ido.

Amare su ne suka fi yawa, kuma sukan zo saura mako ɗaya biki. A wannan lokacin dilka kawai nake yi musu. Mai son leza ta zo da watanni uku a hannu, ta kuma yarda za ta riƙa shafa man kariya daga rana mai lambar ƙarfi (SPF) 30 ko sama kullum, domin ranar Kano tana iya mayar da tabon da muka sha wahalar gogewa.