Giyar keken tsauni: ta da ko ta yanzu, wacce ta fi jure wahala?

A cikinmu Hausawan Jidda da muke fita hawan keke a ƙarshen mako, wani lokaci a bayan gari, wani lokaci kuma mu ɗora kekunan a mota mu haura Hada da Shafa a yankin Ɗa'if, akwai gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Dattawanmu, waɗanda suka san keke tun zamanin Rali, suna cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma kayan giyar da aka ƙera shekara talatin da suka wuce sun fi na yau ƙarko nesa ba kusa ba. Samari kuwa suna ganin wannan son abin da aka saba da shi ne kawai. Ni a ganina tambayoyi biyu ne aka haɗe wuri ɗaya: ta farko ita ce tsawon lokacin da ƙarfe yake ɗauka kafin ya cinye, ta biyu kuma ita ce ko giyar za ta ci gaba da aiki bayan ta sha ƙura, ta bugu da dutse, kuma an yi watanni ba a duba ta ba. A tambaya ta biyu ne tsofaffin kayan suke da gaskiya, kuma ita ce ta fi shafar irinmu.

Kamfanin Shimano na Japan ya fitar da kayan giyar keken tsauni na Deore XT a farkon shekarun 1980, ya kawo tsarin Hyperglide a 1989, wato sassaƙa haƙoran baya ta yadda sarƙa za ta hau su ba tare da an sassauta taka feda ba. Kekunan wancan zamani suna da faifan haƙora uku a gaba, bakwai ko takwas a baya. Tazarar da ke tsakanin faifan baya da ɗan'uwansa kusan milimita 5 ce, faɗin sarƙar kuma ya ɗara milimita 7. A keke mai giya goma sha biyu na yau, tazarar ta koma kusan milimita 3.6, sarƙar kuma ta ɗan haura milimita 5 kawai. Wannan bambanci da ido bai cika lura da shi ba shi ne tushen maganar gaba ɗaya, domin gwargwadon faɗin tazara, gwargwadon kuskuren da giya za ta iya haɗiyewa ba tare da mahayi ya ji komai ba.

Akwai wani ɗan ƙarfe na alminiyam da macanjin giya na baya yake rataye a jikinsa, wanda da gangan aka yi shi da taushi domin idan keke ya faɗi shi ya lanƙwashe, jikin keken ya tsira. A hanyoyin Shafa, inda duwatsu suke zube ko'ina, da wuya a yi fita ba a samu wanda nasa ya bugu ba. Na ga wani makanike ɗan gidanmu, dattijo, ya tsugunna a bayan keke mai giya takwas, ya rufe ido ɗaya, ya kama ƙarfen da sifana ya ɗan ja shi waje, ya juya feda da hannu, sarƙa ta hau kowane faifai lafiya lau. Da aka miƙa masa mai giya goma sha biyu da irin wannan matsala, sai ya girgiza kai ya ce: “Ɗana, wannan ba aikin ido ba ne, sai an kai shi inda suke da ma'auni.” Gaskiya ya faɗa, domin lanƙwasar da ko milimita biyu ba ta kai ba tana iya sa sarƙa ta yi ta tsalle tsakanin faifai biyu. Ƙari a kan haka, tsofaffin hannayen canza giya na babban yatsa suna da wani ɗan maɓalli da ake juyawa a kashe tsarin ƙas-ƙas ɗin nan da ke tsayar da hannun a gurbin kowace giya, sai mahayi ya riƙa tura hannun a hankali har ya ji sarƙa ta zauna. Ko macanjin ya karkace, mutum zai kai kansa gida.

Amma wanda ya ce ƙarfen wancan zamani ya fi na yanzu inganci ya wuce gona da iri. Sarƙoƙin zamani masu daraja an gasa ƙusoshinsu an shafe su da abin da ke ƙara musu tauri, kuma siririntarsu ba ta hana su daɗewa ba. Ya kamata kuma mu tuna cewa tsofaffin kayan da muke tsinta a kasuwar gwanjo ta Sawarik su ne waɗanda suka tsira. Dubban 'yan'uwansu marasa kyau sun daɗe da zama bola, ba wanda yake ba da labarinsu. Kuma kayan zamani sun warware matsalolin da muka daɗe muna fama da su. A 2011 Shimano ya sa wa macanjin baya wani makama da ke hana shi lilo, a 2012 kamfanin SRAM na Amurka ya fitar da tsarin faifai ɗaya a gaba da goma sha ɗaya a baya, a 2016 kuma ya kai su goma sha biyu da babban faifai mai haƙora 50. Duk wanda ya taɓa gangaro dutse da tsohon keke ya san ƙarar sarƙa tana dukan jikin keke, da yadda takan zame daga faifan gaba a daidai lokacin da ake buƙatarta. Wannan ya ragu ƙwarai, kuma macanjin gaba, wanda shi ne ya fi kowa rigima, an rabu da shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙasar da muke ciki. Ƙurar nan mai laushi tana haɗuwa da man sarƙa ta zama kamar garin wasa wuƙa, tana cin ƙusoshi daga ciki, iskar Bahar Maliya mai gishiri kuma tana sa wayoyin giya tsatsa a cikin bututunsu. Sarƙa mai giya takwas ko tara ana iya barinta har ta buɗe, wato ta ƙara tsawo saboda cinyewa, da kashi 0.75 cikin ɗari, amma mai goma sha ɗaya ko sha biyu a 0.5 ake cire ta, in ba haka ba ta cinye haƙoran baya, waɗanda a manyan kekuna kuɗinsu kan kai na ƙaramin keke sukutum. Faifan gaba guda ɗaya shi kaɗai yake ɗaukar aikin da uku suke rabawa a da, ƙaramin faifan baya mai haƙora 10 kuma yana saurin cinyewa saboda haƙora kaɗan ne suke riƙe sarƙa. Giyar da ba ta da waya, wadda SRAM ya kawo wa keken tsauni a 2019, ta huta da tsatsa, sai dai idan ta lalace ba shagon unguwa da zai iya buɗe ta, kuma batirinta ma abin tunawa ne kafin kowace fita.

Abin da ya fi ƙarfafa mini ra'ayi shi ne kamfanonin da kansu sun waiwayo. A 2021 Shimano ya fitar da Linkglide mai kaurin haƙora, ya ce ya ninka Hyperglide sau uku wajen daɗewa, a 2023 kuma ya gina jerin kayan CUES a kansa. Nauyi ya ƙaru kaɗan, canza giya ya rage sauri kaɗan, kuma ban ga abin baƙin ciki a cikin ko ɗaya ba ga mutumin da ba tsere yake yi ba.

Shi ya sa idan ƙanina da yake aikin albashi a Jidda, yana aika kuɗi gida kowane wata, ya nemi shawarata, giya tara ko goma nake nuna masa, mai haƙoran ƙarfe zalla da macanji mai makama. Ya haɗa da ma'aunin sarƙa, ya riƙa amfani da busasshen mai ko kakin sarƙa maimakon mai kauri da ke kama ƙura, ya kuma ajiye ƙarfen rataye guda ɗaya a jakarsa, domin kekuna da yawa kowane samfuri da irin nasa, kuma a Shafa ba inda za a saya.