Gyaran littafin tsohuwar zuma

Aikinmu karɓar rubutu daga marubuta, mu tace, mu tsara shafi, mu fitar. Cikin labaran soyayya, wanda ya fi cin lokacin gyara shi ne na masoyan da suka rabu, macen ta auri wani ya rasu, sannan suka sake haɗuwa.

Kafin a taɓa ƙa'idar rubutu, jadawali muke zanawa a takarda guda: shekarar rabuwa, auren kowa, haihuwar kowane yaro, ranar rasuwa. Nan ake kama yawancin ɓarna. Marubuciya za ta ce shekara 6 da rabuwa, can tsakiyar littafi sai ga ɗiyar da aka haifa bayan rabuwar tana sakandare.

Sai takaba. Wata 4 da kwana 10 ne, mai ciki kuwa sai ta haihu. A tsakanin nan tsohon saurayi yana iya zuwa ta'aziyya, ya zauna kan tabarma a ƙofar gida cikin maza, ya aika da buhun shinkafa ta hannun ƙanwarsa. Amma ba zai fito fili ya nemi aure ba, ita kuma ba lalle, ba turare, ba kwalliya. Masu gaggawa sukan zaunar da su hira a mota tun ba a yi arba'in ba, masu karatu kuwa ba sa yafe wannan. Mukan ce a bar wa baƙin ciki waɗannan shafuka: takalmin mamacin da har yanzu yake bakin ƙofa, lambarsa da ta kasa gogewa a waya.

Idan dā mata da miji ne, dole a faɗi saki nawa ne. Ɗaya ko biyu, idda ta ƙare, sai sabon ɗaurin aure da sadaki. Uku kuwa sai ta auri wani aure na gaskiya ta tare, ba na kisan wuta ba, sannan rasuwarsa ko sakinsa ya buɗe hanya. Yara ma magana ce babba. A mazhabar Malikiyya, uwa in ta auri bare ta tare, riƙo kan koma hannun kakarsu ta wajen uwa, ga dangin uba a gefe suna zuba ido. Marubuciyar da ta san wannan ba ta buƙatar jawo boka ya rikita mata labari.

Wajen ciniki, shafukan farko kyauta ake saki a WhatsApp ko Wattpad, sauran sai an biya. Inda aka yanke kyautar nan kasuwar take. Mu mukan tsaya ranar fita takaba, lokacin da yaro ya shigo ya ce ana sallama da ita a waje. In aka bari har ta amince, babu mai tura ko sisi. Saboda masu fitar da littafi ba izini, shafi-shafi muke saki a rukunin waɗanda suka biya, cikakken kundi sai bayan an kammala labarin.