Ranar da Duna ya fara bin sawu

Asabar, 18 ga Oktoba

Daren jiya karena Duna ya yi wa takalmin uwargida kaca-kaca, na biyu ke nan cikin wata guda. Ba ta yi faɗa ba. Ragowar ta ɗauko ta ajiye mini kusa da kwanon tuwo, ta ce, "Malam, ga aikin yaronka." Da ma faɗan ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Duna watansa 11. Uwarsa 'yar gida ce, irin dogayen karnukan nan masu shafaffen ciki da mafarauta ke yawo da su, ubansa kuwa irin na Jamus ne da ake kira Alsatian. Don gadin kaji na kawo shi gonar nan ta bayan Shika, bayan ɓarayi sun yi mana ɓarna a bara. Gadi kam yana yi, ba laifi. Gajiya ce ba ya yi. Ƙanena kan hau keke ya ja shi su yi kilomita 5, su dawo, shi ƙanen nawa ya zube yana haki, Duna ya sha ruwa ya kama tonon rami a gindin gwanda. Ran da na kai shi allurar rigakafin ciwon hauka na yi wa likitan dabbobin ƙorafi, sai ya yi dariya ya ce ƙafafunsa muke gajiyarwa, kansa kuwa yana zaman banza. Ya ce in sama wa hancinsa aiki. Wata 2 ke nan ina cewa gobe. Takalmin jiya ne ya tashe ni.

Ina dawowa daga sallar Asuba na shirya. Hanta na dafa tun dare, ba gishiri ba komai, na yayyanka ta ƙanana kamar ƙwayar wake. Ƙanena ya ce me zai hana a sa kilishi, ai ya fi ƙamshi. Na ce albasa da tafarnuwa suna lalata wa kare jini, ban da haka ma, da tsadar kilishin nan wa zai watsa shi a ciyawa? Igiyar shanya na kwance, mita 10, na ɗaura ta a wata ɗamara da na haɗa masa da maratayin tsohuwar jaka, ta zagaye ƙirji da kafaɗa. Idan a wuya igiyar take, duk ja ɗaya sai ya ɗaga kansa sama, ni kuwa ƙasa nake son kan ya zauna. Karin kumallo ban ba shi ba.

Saurar da ke gabas da ɗakin kaji na zaɓa, wadda ba mu noma ba bana. Ciyawar ba ta wuce idon sawu ba, kuma raɓa ta sauka sosai, har ƙafar wandona ta jiƙe. Raɓar nan ita nake sauri in riska. Abin da kare ke bi a sawu iri biyu ne: warin ciyawar da ƙafa ta murƙushe da ƙasar da ta tuttura, sai kuma gumi da ɓurɓushin fata da ke zuba daga jikin mai tafiya. Danshi ne ke riƙe su. Nan da 'yan makonni hunturu zai shigo ya busar da komai, aikin ya yi wa ɗan koyo wuya.

Na ɗebi toka na watsa don in ga inda iska ta nufa, na juya mata baya. In iskar na fuskantarsa, ita za ta kawo masa warin hantar tun daga nesa, ya ɗaga hanci ya ruga, ba ruwansa da sawu. Na kafa karan dawa da tsumma a kai, na tattake wurin da bai fi faɗin buhu ba, na barbaɗa hanta. Daga nan na yi taku 20 a miƙe, gajeru, dunduniya na taɓa yatsu, kowane taku na sunkuya na sa ƙwaya ɗaya. A ƙarshe na ajiye tsohuwar safata da ɗan tulin hanta a kai, na yi tsalle gefe, na zagayo ta nesa. Duk wannan Duna na ɗaure a jikin darbejiya yana kuka kamar ana yanka shi.

Zagayen farko shirme ne. Na nuna masa wurin na ce, "Nemo!" Ya lashe na farkon, ya fizge ni da gudu, ya tsallake fiye da rabi, ya wuce safar ma bai sani ba, ya tsaya can yana kallona wai ina sauran wasan.

A na biyu na gajarta igiyar, na bar masa kamar mita 2, na ƙi motsawa sai hancinsa ya sauka. Wajen taku na biyar wani abu ya sauya. Wutsiyar da ke ta kaɗawa ta tsaya cak, bakin ya rufe, sai wani sauti kake ji, fit-fit-fit, da sauri kamar ana hura wuta da ƙaramin mafici. Na durƙusa kusa da shi ina kallo. Hancin kare yana da tsaga a gefe da gefe, ta nan yake fitar da numfashi, don kada ya kore warin da ke gabansa. Da idona na ga ɗigon raɓa na girgiza a ciyawar da ke gefen fuskarsa, ta gaban kuwa ko motsi. Hagu, dama, hagu, dama, yana sa hanci cikin kowane sawu. Wata 9 muna tare, ban taɓa ganinsa shiru haka ido biyu ba.

Da na tsaya a nan da an rabu lafiya. Amma daɗi ya ɗebe ni. Na shimfiɗa na uku, taku 60, har da kwana zuwa dama a gindin wani kalgo, na ce bari in bar sawun ya ɗan daɗe, na tafi zuba wa kaji abinci. Rabin awa na yi. Kafin in dawo cinnaku sun yi walima. Duna na sa hanci a taku na uku ya yi tsalle da baya yana atishawa, yana murza fuska a ƙasa.

Ana cikin haka sai ga Baba, tsohon mafaraucin da gonarsa ke maƙwabtaka da tamu, da gorarsa a kafaɗa. Na rusuna na gaishe shi.

"Lafiya lau, Malam. Yau kuma makarantar kare aka buɗe?"

Na yi masa bayani. Ya ce su ba su san wannan wahalar ba, ƙaramin kare babba yake bi a daji, shekara guda ya ƙware. Amma bai tafi ba. Ya dogara gorar ya tsaya kallo.

Na kakkaɓe cinnakun, muka ci gaba. Duna ya daina amincewa da hantar, amma abin mamaki bai bar sawun ba, yana bi a hankali. Da muka kai tsakiya sai ya karya dama. Ni kuwa na san a gindin kalgo na yi kwana, ga kalgon can gaba da taku 10. Na ja shi. Ya koma dama. Na sake ja, har da tsawa. Ya zauna yana kallona, kunnuwa a kwance.

"Malam," in ji Baba, "kalgo nawa ne a saurar nan?"

Na duba. Biyu ne. Ya miƙa gora ya nuna mini wani duhun layi a cikin ciyawa, inda ƙafata ta share raɓa, ya tafi dama daidai inda Duna ke ja.

"Ga sawunka can. Kai ka yi tafiyar ka manta, shi da bai yi ba ya sani. Sake masa igiya."

Kunya ta kama ni kamar in nutse. Na saki igiyar duka, na koma bayansa. Sai da ya yi jim, kamar yana tunanin ko zan sake yi masa tsawa, sannan ya sa kai, ya bi layin nan har kan safar. Duk hantar da ta rage a aljihuna na juye masa.

Kafin Baba ya wuce ya ja mini kunne a kan abu biyu. In rana ta ɗaga a daina, don ƙasa in ta yi zafi kare da ido yake komawa aiki. Kuma in riƙa bubbuga ciyawa da sanda kafin in shimfiɗa sawu, lokacin kububuwa ne, karen da hancinsa ke ƙasa kuwa a fuska ake saransa. Wannan ta biyun ko kusa ba ta zo mini a rai ba. Ya ƙara da cewa kada in kula masu cewa me malami zai yi da horar da kare, ai maganar horarren kare tana nan a Suratul Ma'ida. Aya ta 4 yake nufi, na duba da na dawo.

A gida na zauna na cire masa ƙarangiya daga tsakanin yatsu, guda 7, da kaska ɗaya a bayan kunne. Ya sha ruwa, ya shige ƙarƙashin amalanke. Ƙarfe 9 ke nan. Bai motsa ba har aka kira Azahar. Uwargida ta leƙa sau biyu, a na biyun ta ce, "Malam, anya karen nan lafiya yake?" Gaba ɗaya aikin hancin da ya yi bai kai minti 20 ba.

Da yamma na ɗan yi karatu a waya. Ƙwayoyin jin wari a hancin mutum wajen miliyan 6 ne, na kare kuwa suna kaiwa miliyan 300 a wasu irin. Wanda ya fi tsaya mini shi ne gwajin da aka yi a birnin Belfast na Ireland ta Arewa a 2005, inda aka ga taku 5 kacal sun ishi horarren kare ya gane ta ina mutum ya nufa, ta hanyar bambance sawun da ya fi sabunta. Tsakanin taku da taku fa bai wuce daƙiƙa ɗaya ba. Wannan halittar nake ja da igiyar shanya ina nuna mata hanya. Su Jamusawa har gasa suke yi a kai, igiya mita 10 kamar tawa, mai kare yana can baya, kare in ya tarar da abin da aka yar sai ya kwanta a gabansa. Mu dai ba mu kai nan ba.

Gobe in Allah ya kai mu taku 30, a miƙe, ba kwana, ba jira fiye da minti 10. Inda zan yi kwana nan gaba kara zan kafa, na bar dogara da kalgo. Hanta ta ƙare, sai na biya wurin mahauci. Litinin kuma in shiga kasuwar Samaru neman takalmi, lamba 39, ta ce baƙi take so.