Motar Dattijon Pontiac: A Tuƙa Ta ko A Ajiye Ta?

Duk wanda ya zo jihar Michigan daga arewacin Najeriya da sana'ar gyaran mota a hannunsa, abubuwa biyu ne za su fara ba shi wahala: sanyi, da kwamfutar da ke cikin motocin zamani. Ni a Kaduna na koyi aiki, a kan Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a garin tun shekarun 1970, motar da makanike ke gane ciwonta da kunne da kuma warin hayaƙinta. A garejin da na samu aiki kusa da Detroit kuwa, na'ura ake jonawa a jikin mota ta faɗi abin da ke damunta, don haka a farkon zuwana canjin taya da baƙin mai aka fi ba ni. Abin da ya sa aka fara kirana da sunana a wurin shi ne kafireto, wato abin da ke haɗa fetur da iska kafin su shiga inji, domin samarin da na tarar sun taso ne bayan an daina sa shi a sababbin motoci, ni kuwa a kansa na girma.

Motocin da suka fi zuwa da wannan matsala su ne tsofaffin motocin ƙarfi na Amurka, waɗanda aka ƙera tsakanin tsakiyar shekarun 1960 da farkon shekarun 1970. Dabarar ƙirarsu ba ta da wuyar fahimta: a ɗauki bodi matsakaici mai ƙofa biyu, a ɗora masa babban inji mai silinda takwas, a sayar a farashin da matashi mai aikin masana'anta zai iya biya. Yawancin mutane a nan suna ɗaukar Pontiac GTO ta 1964 a matsayin wadda ta buɗe wannan fage, sannan Dodge Charger da Plymouth Road Runner da Chevrolet Chevelle SS suka biyo baya, har a 1970 aka fitar da Chevelle mai injin lita 7.4 da aka rubuta masa ƙarfin doki 450. Zamaninsu bai daɗe ba. Dokar tsaftace iska ta 1970, da tsadar inshora ga matasa, da takunkumin man fetur na 1973, su suka taru suka kawo ƙarshensa.

Wani dattijo da ya yi ritaya daga masana'antar motoci a garin Pontiac ne ya kawo mana GTO ta 1967, kuma a kan tirela aka kawo ta, domin ta yi shekaru a rufe cikin garejin gidansa tun rasuwar matarsa. Shi yana son a tashe ta ya riƙa fita da ita, 'yarsa kuwa tana ganin a wanke ta, a rufe ta da mayafi, a bar ta yadda take, saboda injinta da giyarta na asali ne, lambobin da ke jikinsu sun dace da na bodin, kuma wannan shi ne abin da masu sayen irin waɗannan motoci suka fi dubawa. Da na ba wa yayana labari a waya sai ya ce, "Kai, ƙanena, yanzu mota ce za a jere ta kamar kwanukan ɗakin amarya, ana kallo ba a cin abinci a ciki?" Na ce masa, "Yaya, a nan har gwanjonsu ake yi, wadda ba ta yi tafiya da yawa ba ita ta fi tsada." A inda muka taso, mota tana aiki ne har ranar da ta kasa tashi, sannan a cire kayanta a sa wa wata, kuma da wannan tunanin na zo.

Sai dai hujjar 'yar dattijon ba ta banza ba ce, kuma sai da na ga hunturun Michigan da idona na gane nauyinta. Idan dusar ƙanƙara ta sauka, gishiri ake barbaɗawa a tituna domin ta narke, kuma ruwan gishirin nan yana shiga kowane lungu na ƙarƙashin mota, ya ci ƙarfe daga ciki, ta yadda kafin a ga tsatsa a kan fenti ta riga ta gama da ƙasan bodi. Motocin wancan zamani ba a yi musu kariyar tsatsa irin ta yau ba. Ga kuma maganar haɗari: mota mai nauyi da ƙarfi haka, amma birkinta na ganga ne a ƙafafu huɗu, ba ta da jakar iska, kuma idan wani ya buge ta, fentin asali ba ya dawowa. An daina ƙera motocin Pontiac gaba ɗaya tun 2010, kuma ko da yake akwai kamfanonin da ke yin kwaikwayon kayan gyaranta, mai saye na gaske yana bambance na asali da na kwaikwayo. Kuɗin da ke cikin harkar ma ba kaɗan ba ne. A 2014 an sayar da wata Plymouth Hemi Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi a gwanjon kamfanin Mecum a kan dala miliyan 3.5.

Abin da na tarar a cikin GTO ɗin kuwa shi ne hujja ta ɗaya ɓangaren. Fetur ɗin da ake sayarwa a yawancin gidajen mai a nan yana da kashi goma cikin ɗari na sinadarin etanol, wanda ke jan ruwa daga iska idan ya daɗe a tanki, kuma yana cin tsofaffin robobin bututun mai. Man da aka bari a cikinta ya zama danƙo ya toshe ƙananan hanyoyin kafireto, cikin tankin ya yi tsatsa, robobin da ke hana baƙin mai zuba sun bushe sun tsage, man birki ya sha ruwa har silindojin ƙafafu suka cije, tayoyin sun lotse ta gefen da suka daɗe a ƙasa, ɓeraye kuma sun yi gida a cikin tukunyar iska suka ci wayoyi. Babu ɗaya daga cikin wannan ɓarna da titi ya jawo. Inji yana buƙatar ya ɗauki zafi sosai domin damshin da ke cikin mai da salansa ya ƙone ya fita, shi ya sa ko tayar da mota na minti biyar a cikin gareji ba ya wadatarwa, wani lokaci ma ƙara tara ruwa yake yi a salansa.

Ra'ayina, wanda na faɗa musu su biyun a gaban motar, shi ne cewa ba kowace tsohuwar mota ce ta cancanci a kulle ta ba. Akwai waɗanda aka ƙera 'yan ƙalilan, ko waɗanda ke ɗauke da wani tarihi da babu irinsa, kamar Mustang mai lamba ta ɗaya da ke gidan tarihi na Henry Ford a Dearborn, kuma waɗannan adana su ya dace, a wurin da ake kula da zafi da damshi, da ma'aikatan da aikinsu ke nan. GTO ta 1967 kuwa an ƙera sama da dubu 80, kuma garejin gida mai sanyi da damshi ba gidan tarihi ba ne. Na ce masa, "Baba, motarka ta fi lalacewa a tsaye fiye da a tafe. Ka tuƙa ta daga ƙarshen bazara zuwa kaka, a busasshiyar rana, idan gishiri ya hau titi kuma a ajiye ta yadda ya kamata." Na san farashinta zai ɗan ragu da kowace tafiya, ban ɓoye wa 'yarsa hakan ba, amma mutumin da ya yi rayuwarsa yana haɗa irin waɗannan motoci da hannunsa yana da haƙƙin ya ji ƙarar tasa yayin da yake da ƙarfin riƙe sitiyari.

A wurinsa na fara fahimtar abin da waɗannan motoci suke nufi ga mutanen yankin, abin da baƙo ba zai gane daga nesa ba. A ranar Asabar ta uku a watan Agusta na kowace shekara ana yin jerin gwanon tsofaffin motoci a titin Woodward, daga Ferndale har zuwa Pontiac, al'adar da aka fara a 1995. Dattijon ya nemi in zauna a gefensa saboda ko motar za ta yi gardama a cunkoso, domin irin wannan inji yana saurin ɗaukar zafi idan ana tafiya a hankali. A gefen titi mutane suka kafa kujeru tun safe, kuma duk inda muka tsaya sai wani ya matso ya ce mahaifinsa ya yi aiki a masana'antar da ta ƙera ta, ko kuma a irinta ya koyi tuƙi. Idan suka tambaya wa ya tashe ta sai dattijon ya nuna ni, kuma daga wannan rana na samu abokan ciniki da maƙwabta da suka fara tambayata labarin Kaduna, suna mamakin jin cewa mu ma muna da garin da ake haɗa motoci.

Yanzu tsarin da muke bi ya zauna. Kafin hunturu ina cika tankin da fetur marar etanol tare da maganin da ke hana shi lalacewa, in canza baƙin mai, in ƙara wa tayoyi iska, in jona batir da na'urar da ke riƙe masa caji, in toshe bakin salansa saboda ɓeraye. Abu ɗaya da aka daɗe ana ja a kansa shi ne birki, domin ni na nace a sa na faifai a ƙafafun gaba, tunda motar za ta shiga cikin motocin zamani masu tsayawa nan take, ita kuwa 'yarsa tana tsoron canjin zai taɓa darajarta. Muka daidaita a kan irin wanda ake ɗaurawa da kusoshi ba tare da yanka ko walda ba, gangunan asali kuma na goge su, na shafa musu mai, na rubuta wa kowanne gefensa, na sa su a akwati a gidansu, ta yadda duk ranar da iyalin suka yanke shawarar sayarwa za a iya mayar da su cikin yini guda.