Saƙon Godiya Bayan Tiyatar Hannun Mahaifiyarmu

Assalamu alaikum. Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, a madadin iyalanmu da ke Unguwar Rogo ina miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana tun daga asubar da Hajiya ta zame a bakin famfo tana shirin alwala cikin sanyin nan na Jos, ta karye a wuyan hannunta na dama.

Hoton ƙashi ya nuna karayar ta goce, kuma sai an sa ƙarfe kafin ta haɗu daidai. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne barcin tiyata, domin Hajiya ta haura shekara 70, ga hawan jini, ga asma. Wasu dangi sun ce a kai ta wurin mai ɗori, kuma ban ga laifinsu ba, tsoro ɗaya ne muke ji da su.

Godiyarmu ta musamman ga likitan sa barci, wanda ya jawo kujera ya zauna gefen gadonta ya ce, "Mama, hannun kaɗai za mu kashe, numfashinki kuma ke za ki riƙe abinki." Ya bayyana mana cewa jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga hannu suna taruwa ne a saman ƙashin wuya, cewa zai hango su da na'urar sikanin ya zuba maganin kashe zafi a kewayensu, sannan ya ba ta wani magani kaɗan-kaɗan ta robar ƙarin ruwa domin ta yi gyangyaɗi ta daina fargaba. Ta haka ba sai an zura mata bututu a maƙogwaro ba. Duk da hakan sai da ta yi awa 6 ba ta ci abinci ba, kuma ya gaya mana ba ɓoyo cewa idan allurar ba ta kama sosai ba, dole a koma ga cikakken barci.

Allah ya sa ta kama. An sa mata iskar oksijin ta hanci, ana duba bugun zuciya da hawan jininta har aka gama. Ita dai abin da take iya tunawa shi ne ta tambaya ko an fara, aka ce mata ɗinki ake yi. Ta fito ba amai, ba jiri, sai dai hannun ya yi mata nauyi kamar taɓarya har cikin dare. A nan ne ma'aikatan jinya suka burge ni, domin sun rataye hannun don kada ta danne shi ba ta sani ba, suka kuma ba ta maganin ciwo tun kafin allurar ta sake ta.

Muna gode wa likitan ƙashi da abokan aikinsa, da maƙwabcinmu mai Keke Napep da ya ɗauke ta bai karɓi ko sisi ba, da jama'ar masallacinmu da suka yi ta addu'a. Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya tana gida, ta fara motsa yatsunta, kuma masu zuwa dubiya muna roƙon su bari sai bayan la'asar.