Janwen jirgin ƙasa mai kai biyu, da abin da ya shafi layin Marina

Mai shiga jirgin Blue Line na Legas daga Mile 2 zuwa Marina, in ya leƙa ta taga zai ga dogo na uku a gefen biyun da ƙafafun jirgi ke takawa. Shi ne ke ɗauke da wutar lantarki mai ƙarfin bolt 750. Da tarago zai goce daga kan layi, abin da za a fara yi shi ne kashe wannan wuta. To, da me janwe zai yi aiki? Mutanen reluwe na Amurka sun ci karo da wannan tambaya shekara ɗari da wani abu da suka wuce.

A watan Janairun 1902 jirage biyu suka yi karo a ramin Park Avenue na birnin Niyok, saboda hayaƙi da tururi sun rufe wa direba alamar tsayawa. Mutum 15 suka mutu nan take. Aka kafa dokar da ta hana injin tururi shiga wannan yanki daga 1908, aka mayar da layin na lantarki. Amma janwen wancan zamani shi ma da tukunyar tururi yake aiki, kuma dogon hannunsa sai ya sami fili yake juyawa. A cikin rami babu filin, ga rufi a kusa, ga ginshiƙai dama da hagu.

Maganin da aka samo shi ne janwen da kamfanin Industrial Works na garin Bay City a jihar Mishigan ya ƙera wa tashar Grand Central, inda wannan rami ke kaiwa, a 1914. Hannu biyu gare shi, ɗaya a kowane kai, gajeru masu kwanciya ƙasa-ƙasa, yana ɗaga har tan 100. Ta duk inda ya tunkari ɓarna, ƙugiya na gabansa. Yana shan wuta daga dogo na uku, kuma yana ɗauke da batura don lokacin da aka yanke wutar. A ganina baturan nan sun fi hannu biyun nuna basira. Yanzu yana ajiye a gidan tarihin reluwe na garin Danbury a jihar Connecticut.

Wani abu da ke ruɗar mutane shi ne lambar da ke rubuce a jikin janwe. Wannan nauyin da yake ɗauka ne in kayan na dab da gindinsa. Lissafin nauyi sau nisa ne: in iyakarsa tan 20 a mita 4, to a mita 8 bai wuce tan 10 ba. Shi ya sa kafin a taɓa komai sai an fito da ƙafafun tokara na gefe, an jera musu katakai masu kauri a giciye, sahu kan sahu, don nauyin ya bazu. A ƙasa mai laushi irin ta Ijora ko Apapa da damina, ƙafa ɗaya ta nutse da taƙi guda ta isa ta kifar da janwen a kan abin da ya zo ceto.

Sannan ɗauri. Ba a saƙala ƙugiya a duk inda hannu ya kai, akwai wuraren ɗagawa da maƙera suka tanada a ƙashin tarago. A ɗaure gindin ƙafafun taragon da sarƙa a jikinsa, in ba haka ba gangar jiki za ta tashi ta bar su a ƙasa. Igiyoyi biyu kuma kada su buɗe baki da yawa, don in suka kwanta har digiri 30 daga ƙasa, kowace ɗaya nauyin kayan gaba ɗaya take ja. A ɗaga kaɗan, a tsaya, a gwada birki, a duba katakai, sannan a ci gaba. Jan kaya daga gefe kuwa haramun ne a wannan aiki. Mutum ɗaya tak ke ba da alama.

Layin Marina bai shiga rami ba, amma dogon ɓangarensa a kan gada yake, har da inda ya ratsa ruwa, babu wurin kafa ƙafar tokara a gefe. A irin wannan wuri jak mai aiki da mai ake sawa a ɗaga taragon, a shimfiɗa ƙarfe a ƙarƙashi, a tura shi gefe kaɗan-kaɗan har ƙafafun su dawo daidai kan dogo.